Mun ɗauko masu wasan kwaikwayo walimar adashinmu a Garwa: Dije ta fanshe kuɗinmu, ƙarshen wasan ne ban yafe ba

Tun da guntayen bidiyon walimarmu suka fara yawo a WhatsApp mata ke ta kirana, su waye waɗannan masu wasan, nawa suka karɓa, wai da gaske yarinyar ta faɗa wa Alhaji maganar nan a gaban jama'a ko haɗawa aka yi. To gara in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta in huta. A gajarce dai ku ɗauke su, sun iya aikinsu, amma kar ku sakar musu maganar sauti, kuma kar ku bari kwamitinku ya zaɓa muku ƙarshen wasa irin wanda namu ya zaɓa mana. Sunan ƙungiyar bazan sa a nan ba, tunda akwai ƙorafi a cikin maganata kuma yara ne masu neman na kansu, bana son in zama silar taɓa abincin kowa.

Mu matan adashi ne a nan Garwa ta arewacin Kamaru, yawanci Hausawa, da Fulani da Barebari 'yan kaɗan, akwai teloli da masu abinci da malaman lakwal, wato makarantar boko, da masu saro atamfa. Duk shekara ranar 8 ga Maris muke walimar fasa asusu kowa da atamfar ranar mata, to a 2025 ranar ta faɗo cikin azumi, sai muka ɗaga zuwa bayan ƙaramar sallah muka faɗa Afrilu, kuma duk ɗan Garwa ya san Afrilu, zafin da ke haura digiri 40 kina zaune a inuwa gumi na bin gadon bayanki. Da can mai kiɗa muke kira, a yi rawa a yi liƙi a watse. Wannan karon wata cikinmu tace ta ga wasu yara na wasa a Pitowa, wani gari kusa da Garwa, ranar Lahadi, ranar kasuwa, har masu albasa sun bar kayansu sun tafi kallo, tace mu gwada su ko don canji.

Shugabansu saurayi ne mai ladabi, ya zo har gidan Hajiya shugabarmu ya durƙusa ya gaishe ta yadda ya kamata. Jaka 150, wato sefa dubu 150, ya fara yankawa, wai har da kayan sauti da labule da kuɗin motar kwaso kaya, muka yi ta ja har aka tsaya a jaka 110, rabi abans, wato kafin alƙalami, ta Orange Money rabi bayan an gama. Rasi, wato rasit, sai da na tambaya kafin ya rubuta, a bayan wata takarda ma, ku dai ku tambaya. Rumfa da kujeru namu ne, abinci da ruwan sanyi na 'yan wasa ma a kanmu, su tara ne maza biyar mata huɗu.

Abin da ya bani mamaki shi ne wasanninsu a jere suke, sai mai kuɗi ya zaɓa. Akwai na tsafta da kwalara, akwai na sa 'ya mace lakwal, akwai na budurwar da ta ƙi aure. Kafin ya rufe baki duk muka ce na ukun. Sai yace to shi ma ƙarshensa uku ne. Na farko ta yi ta ruwan ido har ta faɗa hannun ɗan damfara ya cinye mata jari ya gudu, wato dai tatsuniyar nan da kakanni suka yi mana ta yarinyar da tace ita sai miji marar tabo ko ɗaya a jiki, ta ƙare a hannun dodo, an dai sa wa dodon shadda da agogo ne kawai. Na biyu ta sauko ta auri ɗan uwanta a yi guɗa a tashi. Na uku ba a ƙarasawa, sai a tsayar da wasan daidai inda ya ɗau zafi a juyo a tambayi masu kallo yaya za a yi, duk mai shawara ta taso ta shiga fage ta gwada da kanta. Yace a wajen horo ya koyo wannan, tsarin wani ɗan Brazil ne Augusto Boal da ya fito da shi tun shekarun 1970. Ni na uku na so, da ni da wasu mutum biyu. Hajiya tace, kuma da gaskiyarta ta wani ɓangaren, ba za mu tara 'yan matan mutane da kuɗinmu mu koya musu ƙin aure ba, gobe a ce daga walimar su wance aka samo. Na farkon ma tace ya yi muni ga ranar farin ciki. Aka tsaya a na biyu. Zan dawo kansa.

Labarin kansa ba wani mai rassa bane. Dije tela ce, shekara 24, tana da keken ɗinki biyu a zauren gidansu da yarinya ɗaya mai koyo, uwarta ta rasu, Babanta tsohon direban motar auduga ne da ƙafa ta hana shi aiki, sai Gwaggo ƙanwar Baba wadda ta ɗauki auren Dije ta ɗora a kanta ba dare ba rana. Masu nema na zuwa, Dije na sallamar su ɗaya bayan ɗaya, shi kenan. Amma akwai abu ɗaya da suka yi wanda tun daga nan na san wanda ya tsara wasan nan ba ƙaramin mai hankali bane. Tun kafin a fara magana, a can gefen fage an shimfiɗa tabarma, wata mata na zaune da faifai tana tsintar shinkafa, ga ƙullin kaya a bayanta ba a kwance ba. Yaya Uwani ce, yayar Dije, ta dawo gida da saki da 'ya'ya uku. Daga farkon wasan har ƙarshe tana nan, maganarta duka bata wuce a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba, kuma babu inda wani ya tsaya yace jama'a ga dalilin da ya sa Dije ke gudun aure. Ba a faɗa ba sam. Duk sanda wani mai nema ya fara zuba alƙawari sai Dije ta ɗan waiga wajen tabarmar ta dawo da ido kan ɗinkinta. Matan da ke layin gaba tun a waige na biyu suka fara "hmm".

Kun san yadda aka saba mana a finafinai, in budurwa ta ƙi aure to ɗayan uku ne, ko tana da wani ɓoyayyen saurayi talaka da take jira, ko aljani ya aure ta, ko boko ya buɗe mata ido tana son zama dokta. Waɗannan yaran sun ɗauko ukun duka sun miƙa wa Gwaggo ta gwada su ɗaya ɗaya ta ga babu. Ta sace wayar Dije cikin dare tana neman saurayi, ta sa jikanta ya karanto mata saƙonni, duk abin da ke ciki "Dije ki yi haƙuri cikon kuɗin sai ƙarshen wata", "Dije kin rage min hannun rigar?", wlh nan teloli suka kusa faɗowa daga kujera don dariya. Ta kawo mai hayaƙi wai namijin dare ne, aka turnuƙe yarinya da turare tana tari, da aka gama tace Gwaggo in aljanin nan na nan ki ce masa ya taya ni biyan kuɗin wuta. Karatu kuwa ita da kanta tace ta bar lise, wato sakandare, a aji huɗu kuma bata da niyyar komawa. To da aka kawar da waɗannan duka sai ya rage mace ce lafiyayya mai sallah mai sana'a mai kunya, da aka ce ta yi aure tace tukuna, kuma tana da tambaya ɗaya da take yi wa duk wanda ya zo: in ta ɓaci yaya za a yi? Shi kenan tambayar. Kusan kowa kuma amsarsa ɗaya, subhanallahi, ki daina mugun fata.

Alhaji ne ya fara zuwa, shi ne na cikin bidiyon. Abokin Babanta ne, mai shaguna a babbar kasuwa, mata biyu a gida, ya shigo da babbar riga da makullin mota yana kaɗawa. Dije ta ajiye almakashi ta durƙusa har ƙasa tace "Baba ina wuni, ya su Umma", shi kuma yana ta gyaran murya yana cewa a'a ki dinga cewa Alhaji kawai. Ya lissafo akwati nawa zai yi, gida a unguwar Marware ita kaɗai, Makka bana ba baɗi ba. Ta bari ya gama tas sannan tace to Baba in mun je meri, ka san ana tambaya, mace ɗaya ko fiye, wanne ka sa hannu a kai ranar auren Umma babba? Duk wanda ya yi auren meri, wato na ofishin magajin gari, a Kamaru ya san wannan gurbin, dole a rubuta a takardar aure ko monogami ko poligami. Alhaji yace ai shi bai taɓa zuwa meri da kowa ba, fatiha ta wadatar. Tace to ranar da aka wayi gari babu kai, Allah ya ja kwana, gidan Marwaren da sunan wa yake? Nan fa aka yi ihu, wata baiwar Allah a bayana ta miƙe tsaye tana tafi ita kaɗai, daga baya na ji ashe ita aka taɓa fitarwa daga gida bayan arba'in ɗin mijinta. Wanda ya fito a Alhajin yaro ne da bai kai talatin ba, an cusa masa filo a ciki, amma tafiyar da yadda yake leƙen agogo duk na wani ne da kowa a unguwa zai ce ya sani.

Ɗan moto da ma'aikacin ofis ba wani abin a zo a gani, an sa su ne don dariya. Ɗan moton ya zo da lissafin bashin babur a aljihu yana cewa in ta sayar da keke ɗaya sun gama biya, ma'aikacin kuma ya ƙi yin Hausa sai Faransanci yana "ma chérie" Gwaggo na amsa masa da amin. An ja na ma'aikacin da yawa, rabinsa ya isa.

Wurin Malam ne wasan ya zauna da gindinsa. Malamin islamiyya ne matashi, ba mugu ba, kuma na ji daɗi da basu maida shi abin dariya ba don da sun yi haka da rabin matan sun tashi. Ya zauna nesa da ita, ya yi sallama, yace Malama Dije ni ban zo da akwati ba na zo da hadisi, idan wanda kuka yarda da addininsa da halinsa ya zo muku to ku aura masa. Gwaggo daga bayan labule tana Allahu akbar. Dije bata ɗaga murya ba, tace Malam gaskiya ka faɗa, kuma ni ban ga aibu a addininka ba, amma ka taya ni tuna labarin Barira. Sai ta kawo shi tiryan tiryan yadda yake a Bukhari, Barira da aka 'yanta ta zaɓi rabuwa da mijinta Mugisu, yana bin ta a titunan Madina yana kuka hawaye na zuba a gemunsa, Annabi (SAW) yace mata da kin koma masa, tace ya Rasulallahi umarni kake bani, yace a'a ceto dai nake, tace to bani da buƙatarsa. Kuma ba a tsine mata ba. Wurin ya yi tsit, Malam ya sunkuyar da kai yace haka ne. Sannan ta yi masa tambayarta, shi kaɗai ne bai ce mugun fata ba, yace zai je ya yi tunani, kuma bai dawo ba. Malamarmu ta tafsiri tana wurin, na saci kallonta don in akwai kuskure a fuskarta za a gani, sai na ga tana gyaɗa kai. Da aka tashi ma ita ta ƙara mana da na Khansa'u bint Khizam da mahaifinta ya aurar da ita bata so Annabi (SAW) ya warware auren, sannan tace amma ku sani a mazhabarmu ta Malikiyya uba na da ikon aurar da 'yarsa budurwa, don haka kar wata ta je gida tace malama tace. Haka malamar take, bata barin kowa ya tafi da rabin magana.

Ita wadda ta fito a Dijen, doguwa ce baƙa, bata da wani kyan da za a ce ya tsaya a rai, muryarta ma ba babba ba. Abin da ta iya shi ne shiru. Tana iya barin mutum ya gama zuba, ta ci gaba da taka keke kamar bata ji ba, sai an fara tunanin ta manta layinta sannan ta saki magana ɗaya. Kuma keken na gaske ne, ɗinkin ma na gaske, telolinmu sun tabbatar hannunta na tela ne. Ba ta murguɗa baki, ba ta riƙe ƙugu, duk wanda ta sallama sai ta raka shi bakin zaure ta ce a gaida gida. Da an bai wa wata mai rawar kai wannan rawar da Dije ta zama fitsararriya kawai, kowa ya tafi yana cewa Allah ya shirya. Ita ta sa har tsofaffin da suka zo da shirin tsine mata suka rasa ta inda za su kama.

Sai Yaya Sale, ɗan Gwaggo, makanike, tare suka tashi. Shi bai ma zo da bakinsa ba, uwarsa ce ta turo shi, ya zo ya zauna yana gyara mata bel ɗin keke suna hira irin ta wasan taubasai, tana tsokanarsa yana ramawa. A nan kaɗai aka ga Dije ta yi dariya har haƙora. Kowa ya ga akwai wani abu a tsakaninsu, ita ma ta sani, shi ya sa da ta zo yi masa tambayar sai muryarta ta canza, tace Yaya Sale kai in ta ɓaci ba miji kaɗai zan rasa ba, har Gwaggo zan rasa, har gidan da zan gudo in zauna in tsinci shinkafa. Wannan ita ce matsalar auren zumunci da kowa ya sani ba a cika faɗa ba, ana cewa tuwona maina, amma ranar da ya lalace zumuncin shekara hamsin ne ke tafiya da shi. Sale ya buɗe baki zai yi magana.

Daidai nan, wallahi daidai nan, sai ga wani ya faɗo fage da jaka da tabarau wai shi lauya ne maƙwabci, ya juyo ya fuskance mu ya fara karatu: dokar hukunta laifuka ta Kamaru ta 2016, sashe na 356, duk wanda ya tilasta wa wani aure ɗaurin shekara 5 zuwa 10 da tarar sefa 25,000 zuwa miliyan 1, haka ma wanda ya aurar da yarinya ko yaro ƙasa da shekara 18. Maganar gaskiya ce, dokar na nan, kuma akwai wuraren da ya kamata a je a karanta ta da lasifika. Amma me ya haɗa ta da Dije? Shekararta 24, babu wanda ya ɗaure ta ya kai ta ɗaki, abin da ke kanta surutu ne da gori da kallon da ake mata a gidan biki, an ce ta yi kwantai, an ce zaɓen tumun dare za ta yi, kuma wannan babu sashen da ya hukunta shi. Na gane daga ina abin ya fito, yaran nan yawancin aikinsu na masu wayar da kai ne, waɗanda ke biyan su sai sun ji an ambaci doka kafin su sa hannu a takardar biya, sai ya zame musu jiki. Kamar kina tsakiyar cin tuwo da miyar kuka a ɗebo miki cokalin siga a zuba. In za ku ɗauke su ku ce a cire lauyan, ko a kai shi can bayan an gama.

Lauya na fita Sale bai ƙara samun bakin magana ba. Sai ga Baba ya yanke jiki ya faɗi, aka yi kansa da fifita, ya buɗe ido da ƙyar yace Dije burina in ga aurenki kafin in mutu, ta fashe da kuka tace na yarda Baba, Baba ya miƙe garau, Gwaggo ta rangaɗa guɗa, aka saki kiɗa. Duka duka bai kai minti biyar ba. An yi sama da awa ana gina mace mai tunani, aka rushe ta da suman ƙarya.

Kar a fahimce ni a karkace, ni ban ce kar ta yi aure ba. Ni matar aure ce, 'yata ta fari ma tana ɗakinta, kuma da Salen nake so ta ƙare tun da na ga yadda yake riƙe mata fitila tana zura zare. Abin da ya ƙona min rai shi ne tambayarta ba a amsa ba. Ga amsa a kusa, Sale yace kekunanki naki ne ko muna tare ko bama tare, ya kira uwarsa a gaban Baba yace Inna ki yi alƙawari in mun saɓa Dije 'yarki ce har gobe, ya juya ya dubi Yaya Uwani ko sannu ya ce mata, tunda duk wasan babu namijin da ya kalli tabarmar nan. Da an yi haka ta ce na yarda, da ni zan fara guɗar. Amma abin da aka nuna wa 'yan matan da muka tara shi ne ki yi ta tambaya in kin ga dama, ƙarshe dai za a nemo inda zuciyarki ke da rauni a danna. Kuma aka kira shi farin ciki. Ita 'yar wasan ma ina jin bata yarda da shi ba, don da aka saki kiɗa kowa na rawa ita tana zaune an lulluɓe ta, tef ɗin awo na rataye a wuyanta bata cire ba, Uwani kuma bata tashi daga tabarma ba. Ko shugaban ne ya tsara haka ko su biyun ne suka haɗa baki, sun dai yi abin da aka biya su kuma sun nuna basu so.

Abin dariyar shi ne wancan ƙarshe na uku da Hajiya ta hana, sai da aka yi shi, ba tare da 'yan wasan ba. Ana zuba shinkafa da kifin Binuwai gardama ta ɓarke, wannan tace Dije girman kai ne da ita aure ai ba a shigarsa da lissafin fita, waccan tace duk wadda bata yi lissafin ba ita ce ke dawowa da ƙulli, wata tace darajar mace ɗakin mijinta wata tace wane ɗakin, na haya? Hajiya da kanta ta ajiye cokali ta ba da labarin ƙanwarta. 'Yan matan dai basu ce uffan ba amma babu wadda ta taɓa waya. Har aka kira magariba folere, zoɓo kenan, ya huce a kofi ba a gama ba.

Yanzu ɓangaren da ba daɗi. Sun ce ƙarfe uku, basu iso ba sai bayan la'asar, wai motar kaya ce, kuma basu kira sun faɗa ba sai da muka neme su. Kayan sautin da aka sa a cikin kuɗi lasifika ce guda ɗaya mai shaƙewa da makirfo biyu, ɗaya na waya ɗaya na hannu, mutum tara na miƙa wa juna, ga Dije da maganarta ƙasa ƙasa, waɗanda ke baya rabin abin da na faɗa muku a sama sai a bakin na gaba suka ji. Ana tsakiyar zuwan ɗan moto aka ɗauke wuta, abin da kowa ya san ana yi a watannin zafi in ruwan dam ɗin Lagdo da ke ba mu wuta ya ja baya, su kuma basu zo da gurup, wato janareta, ba, basu kuma ce mana mu tanada ba, sai da aka aro na maƙwabta aka sayo mai. Ku cire kuɗin sauti daga cinikin ku ɗauko mai kayan sauti naku daban, ku tabbatar akwai ƙaramin makirfo na maƙalawa a riga ko da na Dije ne kaɗai.

Harshe kuma ku yi magana tun wuri. Sun fi sakewa da Fillanci, abin da aka fi ji a gari kenan, mu muka ce Hausa muke so. Dije da Gwaggo da Malam Hausarsu tas, Baba kuwa da ya shiga zafi sai ya zarce da Fillanci, mu bai dame mu ba duk muna ji, amma baƙinmu biyu da suka zo daga Mubi da Kano, ta Mubin ta bi ta Kanon sai fassara ake mata. Ta wajen ɗa'a ba ni da ta cewa, matan sun yi shigar mutunci, babu taɓa juna tsakanin mace da namiji ko a wurin suman Baba, sun tsaya an yi sallah, basu yi roƙon liƙi ba duk da an yi musu, sun kwashe kayansu sun share inda suka yi wasa. Wata ta ce min za ta kira su wunin bikin 'yarta su yi wannan wasan, nace Hajiya rufa wa kanki asiri, dangin ango na zaune a tambayi ɗansu in ta ɓaci yaya za a yi? Na taron mata ne, ko na iyaye a makaranta, ko a samu maza su kaɗai a zaunar da su su kalla, wanda ban san wa zai iya ba.

Abu na ƙarshe, 'yan mata biyu ne ke karɓa-karɓar fitowa a Dije, shugaban da bakinsa ya faɗa, kuma bai ce ga wadda za ta zo ba sai da muka gan ta. Ɗayar ita ce ta fito mana a yarinya mai koyon ɗinki, tana da kyau tana da murya amma duk motsinta na neman tafi ne. Ku ce doguwar kuke so, telar, a rubuta a jikin rasi tare da lokacin isowa da irin ƙarshen da kuka zaɓa, kuma cikon kuɗin ya zauna a jakarku sai an naɗe labule.